BAWAN TSAKIYA

Karatu: Matiyu 25:14-23

A birnin Sabha na ƙasar Libiya akwai wata tsohuwar unguwa mai suna Jadid. Tun zamanin fatake ayari ke ratsa wannan yanki na Fezzan a kan hanyar Tarabulus. A kowane ayari madugu ɗaya ne. Sauran duk 'yan tsakiya ne: masu jan raƙumi, masu ɗaurin kaya, masu ɗiban ruwa a rijiya. Ba wanda ya riƙe sunayensu, amma ba don su ba, da madugu bai kai ko zango ɗaya ba.

Har yanzu 'ya'yanmu suna bin wannan hanya, daga Agadas zuwa Dirku, zuwa Gatrun, har Sabha. Waɗansu yunwa ce ta kore su, ba mu ga laifinsu ba. Amma waɗansu wani abu ne dabam. Akwai wani saurayi tela a ikilisiyarmu, yana da kekensa, yana ci yana sha, yana ba da zakkarsa. Ran nan ya ce mini, “Fasto, na gaji da zama kamar kowa. Ina so in dawo a nuna ni da yatsa.” Ya sayar da keken ya tafi. Bayan 'yan watanni aka kira mahaifiyarsa daga Sabha ana neman kuɗin fansa. Sai da aka sayar da gona kafin ya dawo. Ba shi kaɗai ba ne. A shekarar 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙin haure a Sabha kamar kaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A cikin karatunmu na yau, maigida ya ba bawa ɗaya talanti 5, wani 2, wani kuma 1, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mukan yi wa'azi a kan na farko da na ƙarshe, mu manta da na tsakiya. Dube shi da kyau. Bai kai ɗan'uwansa ba, ko rabinsa bai samu ba. Amma bai yi gunaguni ba, bai kuma jefa abin da ke hannunsa cikin haɗari don ya kamo mai 5 ba. Ya juya 2 ɗinsa suka zama 4. Karanta aya ta 21, sa'an nan ka karanta ta 23. Yabon da maigida ya yi wa na gaba, shi ne ya yi wa na tsakiya, bai rage ko kalma ɗaya ba. Aminci Ubangiji yake aunawa, ba yawa ba.

Wannan ba izinin ragwanci ba ne. Bawan da ya binne nasa a ƙasa ya sha hukunci. Yi aikinka da iyakar ƙarfinka, in Allah ya ɗaga ka, ka gode masa. Amma ba dole ne ka zo na ɗaya a kowane abu ba. Agur ma, a Karin Magana 30:8-9, abin da zai ishe shi kawai ya roƙa, don kada wadata ta sa ya musunci Allah, ko talauci ya kai shi ga sata.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko kana jin kunya domin ba a san sunanka ba? Iyaye, ko kuna gwada ɗanku da ɗan maƙwabci har gida ya ishe shi? Mai sharar ɗakin sujada da mai tsayawa a bagade, Ubangiji ɗaya suke yi wa hidima. Shi kuwa yana ganin tsakiyar ayari.

ADDU'A: Ya Uba na Sama, ka raba ni da son a gan ni. Ka koya mini aminci a kan abin da ka danƙa mini. Ka kiyaye 'ya'yanmu da suke cikin hamada, ka komo da su gida lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.