An bar jaki ana dukan taiki: neman gafara da amana a siyasar Japan

A ƙasar Japan, idan shugaba ya yi abin kunya, akwai yadda aka saba yi. Yakan tsaya gaban ƴan jarida, ya ce ya jawo wa jama'a damuwa, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, wani lokaci ma ya ajiye muƙaminsa. Baƙon da ya saba da masu mulkin da bakinsu bai taɓa furta kalmar kuskure ba, abin zai burge shi. Amma ƴan ƙasar da yawa sun daɗe da daina jin komai a ransu in sun ga wannan sunkuyawa. Me ya sa neman gafara, da aka san shi da ɗinke ɓaraka, ya kasa mayar da amana tsakanin talakawan Japan da masu mulkinsu?

Jam'iyyar LDP, wadda aka kafa a 1955, ita ta riƙe ragamar ƙasar tun daga lokacin, in ban da ɗan tsaiko daga 1993 zuwa 1994, da kuma daga 2009 zuwa 2012. A da, a cikinta akwai rukunoni, kowane da ubangidansa da asusunsa. A wancan lokacin rukunonin nan sukan shirya liyafar tara kuɗi, a sayar da tikiti, galibi yen 20,000 kowane ɗaya, a yanka wa kowane ɗan majalisa kason da zai sayar. Wanda ya sayar da fiye da kasonsa, sai a mayar masa da rarar. Doka ba ta hana liyafar ba, abin da ta wajabta shi ne a rubuta kuɗin cikin rahoton da kowa zai iya dubawa. Rubutun nan ne aka ƙi yi. Jaridar Akahata ta jam'iyyar kwaminis ce ta fara gano bakin zaren a 2022, sannan wani malamin shari'a na jami'a a birnin Kobe, Kamiwaki Hiroshi, ya bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya ya shigar da ƙara. A rukunin marigayi Abe Shinzo kaɗai, abin da aka ɓoye cikin shekara biyar ya haura yen miliyan 600.

Ministoci huɗu sun sauka a Disamban 2023. A Janairun 2024 masu gabatar da ƙara sun tuhumi ƴan majalisa uku da wasu akawuna da sakatarori. Manyan rukunin Abe kuwa, ba a tuhumi ko ɗaya daga cikinsu ba, domin dokar ta ɗora nauyin rahoto a wuyan akawun da ya sa hannu, ba a kuma samu hujjar cewa su suka umarce shi ba. Makonni kaɗan bayan haka aka shiga lokacin da ƙananan ƴan kasuwa ke layi a ofishin haraji, kowa da rasitansa, yana ba da lissafin duk yen ɗin da ya shiga hannunsa. Ba a bukatar dogon bayani a kan abin da mai kanti yake ji a wannan layi.

Malamai sun daɗe da karantar da sharuɗɗan tuba: nadama, da barin laifi, da ƙudurin kada a koma, sannan idan laifin ya shafi haƙƙin wani, a mayar masa da haƙƙinsa. Ko da yake mizanin na wata al'umma ne dabam, yana auna wannan lamari daidai. Sunkuyawa tana iya nuna nadama, murabus yana iya kama da barin laifi. Amma haƙƙin da aka tauye wa jama'a a nan ya wuce kuɗi, shi ne sanin gaskiya: wa ya fara wannan al'ada, yaushe, kuma ina kuɗin suka tafi? Da aka kira manyan gaban kwamitin ɗa'a na majalisa a 2024, amsar da ta fi yawa ita ce ba su da masaniya. Mutumin da ya nemi gafara bai faɗi abin da ya aikata ba, a rufe maganar yake so.

Abin da ya ƙara wa miki gishiri shi ne ba wannan ne karon farko ba. A 1989 firaminista Takeshita Noboru ya sauka saboda badaƙalar hannun jarin kamfanin Recruit. Washegarin sanarwar, sakataren da ke riƙe masa harkar kuɗi ya kashe kansa. A 1992 Kanemaru Shin, jigon jam'iyyar, ya amsa cewa ya karɓi yen miliyan 500 daga kamfanin Sagawa, aka ci shi tarar yen 200,000. A shekarar da ta biyo, da aka kama shi kan ƙin biyan haraji, har sandunan zinariya aka tarar cikin ajiyarsa. Fushin wannan zamani ne ya kawo gyaran 1994, inda aka fara ba jam'iyyu tallafi daga baitulmali, yen 250 a kan kowane ɗan ƙasa, domin su rage dogaro da attajirai. Talaka ya biya kuɗin tsabta, bayan shekara talatin aka nuna masa daudar tana nan.

Sai dai adalci bai yarda a wanke masu zaɓe tas ba. An kama tsohon firaminista Tanaka Kakuei a 1976 kan cin hancin kamfanin jiragen sama na Lockheed, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu a Oktoban 1983, ya ɗaukaka ƙara. Wata biyu bayan haka mutanen Niigata suka sake zaɓensa da ƙuri'a sama da 220,000. Ba jahilci ba ne ya sa su. Yankinsu ƙasa ce da ƙanƙara ke datse wa hanya duk hunturu, shi kuma ya kawo musu tituna da hanyoyin da aka huda ta cikin duwatsu da jirgin ƙasa mai gudu. Sun auna laifinsa da alherinsa, suka ga alherin ya fi kusa da ƙofar gidansu. Mai yanke musu hukunci daga nesa, ya fara tambayar kansa me zai yi da wanda ya haƙa rijiya ɗaya tilo a ƙauyensu. Amma darasin da ɗan siyasa ya ɗauka daga nan mummuna ne: a sunkuya, a yi shiru na ɗan lokaci, zaɓe zai wanke sauran. Har kalma gare su ta wannan, misogi, wadda asalinta wankan tsarki ne na addinin Shinto.

A Afrilun 2024 jam'iyyar ta hukunta mutum 39 daga cikin ƴaƴanta. Firaminista Kishida Fumio, wanda aka tuhumi tsohon akawun rukuninsa, ba ya cikinsu. A Agusta ne ya ce ba zai sake neman shugabancin jam'iyya ba. A zaɓen Oktoban 2024 LDP da ƙawarta Komeito suka rasa rinjaye a majalisar wakilai, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 54 cikin ɗari ba. Kusan rabin masu zaɓe sun zauna a gida, kuma zaman nan bai ci tarar kowa ba. A Oktoban 2025 Komeito ta raba gari da LDP bayan ƙawancen shekara 26, ta ce ba a ba ta gamsasshiyar amsa kan maganar kuɗin siyasa ba. Akawun rukunin Abe kuwa, tun a Satumban 2024 kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara uku na jeka-ka-gyara-halinka.