Lilon Kolokonde

A Kolokonde, ƙasar Jugu, arewacin Jamhuriyar Benin, an yi wani malamin kimiyya da ya dawo daga Paraku da tsohuwar kwamfuta guda. Darasin da ke gabansa shi ne kai-komon lilo: dutse a bakin igiya, ya je ya dawo. A cikin kwamfutar akwai lilo shiryayye na PhET, wanda Jami'ar Kolorado ta Amurka ke bayarwa kyauta. Ya kunna, yara suka kalla, suka yaba. Washegari ya tambaye su, kowa ya sunkuyar da kai.

Sai ya ce su gina nasu da manhajar Scratch. Suka yi mako suna kokawa da ita. Jagoransu wani yaro ne mai kaifin baki, ya ce kowa ya san abu mai nauyi ya fi sauri. Suka rubuta wa kwamfuta wannan doka, ita kuwa ta bi. In an ƙara wa dutsen nauyi, sai lilo ya kama gudu. Aji ya ɗauki tafi.

Malam yana tsaye da alli a hannu. Ya san dokar ba daidai ba ce. Layi ɗaya a allo zai gyara ta, ga jarrabawa ta matso, ga sauran darussa jibge. Ya ɗaga hannu zai rubuta, sai ya tuna ranar da suka sunkuyar da kai. Ya daɗe yana juya allin, can ya jefa shi aljihu.

"Madalla," in ji shi. "Kwamfuta ta yarda da ku. Saura mu ji ta bakin mangwaro."

Suka ɗaura igiya mai tsawon mita 1 a reshe, suka rataya ƙaramin dutse, suka ɗan ja shi suka saki. Zuwa da dawowa 10, agogon waya ya nuna daƙiƙa 20. Aka sa ƙaton dutse. Daƙiƙa 20. Yaron nan ya ce wayar ce ta lalace. Aka aro wata, bai canza zane ba.

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, a rijiyar gidanmu, in guga ya yi nisa lilonsa a hankali yake. In ya kusa baki sai ya riƙa sauri."

"To, 'yata, gwada mana."

Aka hau babban reshe, aka saki igiya mita 4. Daƙiƙa 40. Aka rage ta zuwa santimita 25, daƙiƙa 10. Igiya ta ninku sau huɗu, lokaci ya ninku sau biyu. Yaron da kansa ya koma aji ya goge nauyi daga dokarsu, ya sa tsawo. A nan ne Malam ya fito da allinsa, ya ba su labarin Galileo na Italiya da ya gano haka, da Huygens na Holan da ya ƙera agogo mai lilo a 1656.

Ana shirin tashi yarinyar ta sake ɗaga hannu. "Malam, na mangwaro ya gaji ya tsaya. Na kwamfuta har yanzu yana tafiya."

"Me kuka manta ba ku gaya mata ba?"

Aji ya yi tsit. Sai yaron ya jawo kujera gaban kwamfuta, ya ce, "Iska, Malam. A ba mu zuwa Litinin."