Yaron da aka kama da bindiga: hukuncin manya za a yi masa?



Ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da yara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowanne. Arewa ta yi ca, kwana uku bayan haka Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Ranar nan kowa ya yarda cewa yaro yaro ne.

To amma a nan gida fa? Mutanen Talata Mafara ba su manta da 'yan mata 279 na Jangebe ba, a Fabrairun 2021. A shekarar nan aka shiga kwalejin noma ta Bakura, aka kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun. Waɗanda suka kuɓuta daga daji sau da yawa suna cewa masu gadinsu yara ne, wani ko gashin baki bai fara ba. In aka kama irin wannan, abin da za ka ji shi ne: wanda ya iya harbi ai ya girma. Ban ga laifin mai jin zafin ba, musamman wanda ya binne ɗansa. Sai dai shari'a ba da girman laifi take auna girman mutum ba.

Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami a kan yaro har ya balaga. Malamai suka saɓa kan shekaru idan alamun balaga ba su bayyana ba. Shafi'i da Ahmad suka ce 15, saboda an mayar da Ibn Umar ranar Uhudu yana da 14, aka karɓe shi ranar Khandaƙ yana da 15. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa 18 ne. Mai cewa 18 ƙirƙirar Turawa ce, don Allah ya buɗe Mukhtasar.

Wannan ba ya nufin jinin mamaci ya tafi a banza. Gangancin yaro hukuncin kuskure yake ɗauka: ba ƙisasi, amma akwai diyya a kan danginsa. In ya ɓarnata dukiya, a biya daga dukiyarsa. Imam Malik ya ce idan babba da yaro suka haɗu suka kashe mutum da gangan, a kashe babban, ɓangaren yaron a biya rabin diyya. Malamanmu suka ƙara da cewa uba ko malamin da ya umarci ƙaramin yaro ya yi kisa, shi za a yi wa ƙisasi. Ku duba inda fiƙihu ya kai hannu: wuyan wanda ya ɗora bindigar a kafaɗar yaron. Mu kuwa, yaron muke samu mu huce a kansa, ubangidan nasa yana daji ana aika masa kuɗin fansa.

Inda maganar take da wuya shi ne ɗan shekara 16 da ya balaga. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 yaro take kiransa, shari'a kuma mukallafi. Ba zan ɓoye ba, a fahimtata yana ɗaukar nauyin abin da ya aikata, kuma cewa tilasta shi aka yi ba ta halatta masa ran wani. Amma wa zai tabbatar da balagar? Yawancin yaran rugage da ƙauyukanmu ba su da takardar haihuwa. Ɗan sa-kai da ke cikin fushi a bakin kasuwa ba shi ne zai kalli tsawon yaro ya yanke hukunci ba. Aikin alƙali ne, da shaidu, da likita in ta kama, kuma haddi ana tunkuɗe shi da shubuha. In an rasa tabbas, a bar shi a matsayin yaro.

Wanda aka tabbatar yaro ne kuma ba sallamarsa za a yi ba. Akwai ladabtarwa gwargwadon yadda alƙali ya gani, a gidan gyaran hali, da karatu da sana'a. Kulle shi ɗaki ɗaya da manyan 'yan fashi a gidan yari na Gusau, wannan sabon ubangida kawai aka nemo masa.

Wallahu a'alam.