Kunne Ma Yana Da Alhaki

Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. To, shin kunne yana ɗaukar alhakin abin da ya ji daɗinsa?

Mu ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Niyya kyakkyawa ce, amma tafiyar cike take da damfara tsakaninsa da Malam Zurƙe. Mai karatu yana iya ajiye littafi ya yi nazari. Idan kuwa aka mai da labarin wasan kwaikwayo, muka kewaye akwatin rediyo a teburin mai shayi a Jimeta ko a wani zaure a Yola, murya ba ta jiran kowa. Mu ke ƙera fuskar wanda aka cuta a zukatanmu, mu ke ƙyalƙyalewa da dariya, yara suna kallonmu.

Saboda haka, idan shiri ya ƙare, wajibi ne mu tambayi juna: da mu aka yi wa wannan dabara a kasuwa, wayo za mu kira ta ko zalunci? Amsar da yaro ya ji a bakinmu, da ita zai girma.