Yabon Kai Jahilci Ne, To Yaron Da Aka Ce Ya Faɗi Ko Shi Waye Fa?



A ƙasar Amurka akwai wani shiri da ake yi wa 'yan sakandare masu son kimiyya, sunansa Research Science Institute, ana taƙaita shi RSI. An fara shi a 1984, kuma cikin waɗanda suka assasa shi akwai Admiral Hyman Rickover, mutumin da ya jagoranci ƙera jiragen yaƙin ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya na Amurka. Yanzu a jami'ar MIT ake gudanar da shi duk hutun bazara, tsawon mako shida: mako ɗaya na darussa, biyar na bincike a ƙarƙashin ƙwararren malami, a ƙarshe yaro ya rubuta abin da ya gano ya kuma tsaya gaban jama'a ya yi bayani. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Ɗalibai kimanin 100 ake ɗauka, masu nema kuwa sun ninka haka sau da yawa. Terence Tao, wanda ya ci lambar Fields ta lissafi a 2006, yana cikin waɗanda suka bi ta wannan shiri yana yaro.

To ka ga wuri irin wannan, kusan duk wanda ya nema mai ƙoƙari ne, makinsa na jarrabawa a sama yake. Maki kaɗai ba zai raba gardama ba. Shi ya sa, bayan sakamakon jarrabawa da wasiƙun shaida daga malamai, ake cewa yaro ya rubuta da kansa: wane fanni yake so, wace tambaya ce ke hana shi barci a fannin, me ya taɓa yi, ina yake son ya kai. Yaro ɗan shekara 16 ko 17 an ajiye masa farar takarda an ce ya faɗi ko shi waye. Matasanmu masu neman tallafin karatu irin su Chevening na Birtaniya sun san irin wannan zama, don su ma rubutu ake sa su yi a kan kansu.

Nan ne tambayar take. Mu da aka tarbiyyantar a kan kunya da kawaici, muka tashi muna jin yabon kai jahilci ne, kuma Alƙur'ani a Suratun Najmi ya hana mutum tsarkake kansa, ya ya yaro mai tarbiyya zai cika shafi da "na yi, na iya, na ci"? In ya yi shiru wani ya wuce shi. In ya buɗe baki yana tsoron riya da alfahari. Wanne zai ɗauka?

Amsar tana cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Lokacin da sarkin Masar ya kusanto da shi, shi da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci siffofi biyu da yake da su, tsare amana da sanin aikin. Malaman tafsiri sun ciro daga nan cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da ya iya idan ba a san shi ba kuma akwai buƙata. Amma ku lura da kyau. Siffofi biyu ya faɗa, duka gaskiya ne, duka sun shafi aikin da yake nema, kuma wanda zai yanke hukunci ya faɗa wa. Bai tara jama'a yana ba su labarin kyawunsa ko nasabarsa ba, alhali yana da su.

Wannan shi ne ma'auni. Yaron da ya rubuta cewa ya yi wata huɗu yana auna gurɓacewar ruwan wani rafi a garinsu, ya ɗebi samfuri kaza, na'urarsa ta lalace sau biyu ya gyara, wannan labari ya bayar, shaida ce ya yi a kan abin da ya faru. Wanda kuwa ya rubuta cewa shi haziƙi ne da ba a taɓa yin irinsa ba a makarantarsu, wannan hukunci ya yanke wa kansa, kuma hukunci ba nasa ba ne, na masu tantancewa ne. Faɗi aikin, ka bar musu yabon. Kuma wanda ya ɓoye aikinsa na gaskiya wai don tawali'u, ya sani ya bar masu zaɓe cikin duhu, ya sa su ba wa wanda bai kai shi ba. Wannan ba tawali'u ba ne, rage shaida ce.

Sai dai fa haɗarin da ya fi yawa ba shiru ba ne, ƙari ne. Kuma ƙarin nan ba ya zuwa da siffar ƙarya ƙiri-ƙiri. Yana zuwa ne a harafi ɗaya. Aiki mutum biyar suka yi, sai a rubuta "na gano" maimakon "mun gano". Yaro ya yi hutu yana wanke kwalabe da rubuta lambobi a ɗakin binciken wani farfesa, wanda aiki ne mai daraja, sai a rubuta "na gudanar da bincike a kan ciwon daji". Ko a ƙirƙiro labari mai sosa zuciya, wai tun ranar da kakarsa ta kwanta rashin lafiya ya sha alwashin zama likita, alhali jiya-jiya aka tuno da kakar saboda takarda. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya. Tufa kuwa kowa ya san aikinta, rufe mutum take a gan ta maimakon a gan shi.

Sai batun taimako. Shin haramun ne malami ko uba ya duba wa yaro rubutunsa? A'a. Malami ya karanta ya ce "nan ban gane ba", ko "wannan jimla ta yi tsawo", ko "ka manta ba ka faɗi aikin da ka yi bara ba", duk wannan koyarwa ce. Iyakar tana nan: tunanin na waye, kalmomin na waye? In uba ya zauna ya rubuta, ko aka biya wani ƙwararre, ko aka ba ChatGPT ya tsaro komai tun daga farko, sannan yaro ya sa sunansa a ƙasa, to an yi algus. Masu tantancewa sun ce muryar yaron suke son ji, an kawo musu muryar wani. Daidai yake da mai hatsin da ya sa busasshe a sama ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, kuma mun san abin da Annabi ya faɗa wa wannan mutum a kasuwar Madina.

Wani zai ce, "Malam, ai 'ya'yan masu kuɗi haka ake yi musu, in nawa ya tsaya kan gaskiya shi za a bari a baya." Maganar nan akwai gaskiya a cikinta, kar mu yaudari kanmu. A 2019 hukumomin Amurka sun bankaɗo badaƙalar da aka kira Varsity Blues, inda iyaye masu hali suka biya wani mutum mai suna Rick Singer don a gyara wa 'ya'yansu jarrabawa ko a ƙirƙira musu tarihin wasannin da ba su taɓa yi ba, su shiga manyan jami'o'i. An gurfanar da mutum sama da 50, wasu iyayen har gidan yari. Kuma ba kowane mai maguɗi ake kamawa ba, wasu sun wuce lafiya lau. Don haka ba zan ce muku gaskiya kullum ita ke cin gurbi ba. Wani lokaci mai gaskiya yana rasawa. Amma gurbin nan ƙididdigagge ne. Duk kujerar da aka samu da ƙarya, daga hannun wani yaro aka fizge ta, yaron da ya zauna da kansa ya rubuta ya goge ya sake. Ba ka san sunansa ba, ba za ka taɓa ganinsa ba balle ka nemi yafiya, amma haƙƙinsa na nan.

Abin ya fi muni a kimiyya. Sana'ar gaba ɗaya a kan amana take tsaye, domin babu mai iya sake kowane gwaji da kansa, dole a yarda da abin da mai bincike ya ce ya gani. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike a mujallar Lancet yana alaƙanta rigakafin ƙyanda da matsalar galahanga a yara. Daga baya ta tabbata aikin ba na gaskiya ba ne, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. Amma kafin nan iyaye da yawa sun guje wa rigakafi, ƙyanda ta dawo inda aka kusa kawar da ita. Wanda aka koya wa gyara gaskiya a takardar shiga yana ɗan shekara 16, me zai hana shi gyara lambobi yana ɗan 40, ranar da gwaji ya ƙi ba da abin da yake so? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ta kowace fuska.

Don haka iyaye, ku zauna da yaro ku yi masa tambayoyi, ya ba ku amsa, shi ya rubuta. Kai kuma ɗana, kafin ka tura, karanta kowace jimla ka tambayi kanka: da malamin da na yi aiki a ƙarƙashinsa da abokan da muka yi tare suna zaune nan, zan iya karanta wannan da ƙarfi ban sunkuyar da kai ba? In eh, tura ka yi tawakkali. In a'a, goge. Kada ka ji kunyar rubuta gwajin da ya ƙi, domin wanda ya san bincike ya san yawancin gwaji ƙi yake yi, kuma yaron da ya iya faɗin inda ya tsaya ya riga ya fara zama mai bincike.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya tsare mu da cin haƙƙin wanda ba mu sani ba. Amin.