Shirun Da Doka Ta Yarda Da Shi

A garuruwa da yawa na Amurka da Turai da Japan akwai waɗansu ƙananan kantuna inda a ke sayar da katunan wasa. Ran Jumma'a da maraice, bayan an tashi daga aiki da makaranta, sai mai kanti ya jera tebura, mutane su taru. Za ka ga ɗan makaranta mai shekara 12 yana fuskantar magidanci mai furfura, kowa da damin katinsa a gabansa. Kowa ya kan biya ɗan kuɗin shiga, wanda ya yi nasara kuma a ba shi 'yan ƙunshin sababbin katuna. Gasar unguwa ke nan, ba a buga sunan kowa a jarida dominta. Duk da haka akwai wata tambaya da ta kan taso a bakin waɗannan tebura, wadda mu ke so mu duba tare a wannan wata, gama ta shafe mu duka, har da waɗanda ba su taɓa riƙe kati ba.

Yadda a ke wasan

A shekara ta 1993 wani malamin lissafi Ba'amurke, Richard Garfield, ya ƙago wasan da a ke kira Magic: The Gathering, kamfanin Wizards of the Coast ya buga shi. A 1996 katunan Pokémon suka fito a Japan, a 1999 kuma kamfanin Konami ya fitar da na Yu-Gi-Oh! A kartar da muka sani dami ɗaya ne a ke raba wa kowa. A nan kuwa kowa shi ke haɗa nasa damin daga cikin dubban katuna, waɗansu ya saya, waɗansu ya yi musaya da abokai. A jikin kowane kati an rubuta aikin da ya ke yi.

A wasan Magic, damin da mutum ya haɗo daga gida ba ya kasa kati 60. Kowa ya kan fara da kati 7 a hannu, da lamba 20 da a ke kira ransa. Wanda aka cinye masa rai ya faɗi. Mutum biyu su kan kara, wanda ya riga cin wasa biyu ya ci zagayen, ya sami maki 3. In an yi kunnen doki, kowa ya sami 1. Wanda ya faɗi ba a kore shi, sai a haɗa shi a zagaye na gaba da mai maki irin nasa. An fara wannan tsari a gasar darar Turawa a birnin Zurik a 1895. In gardama ta tashi, sai mutum ya ɗaga hannu ya kira alƙalin wasa.

Ba caca ba ce?

Mun sani mai karatu zai ce, ai wannan caca ce. Tambayar ta dace, gama dattawanmu ba su yi kuskure ba da suka ja mana kunne a kan karta. Sa'ad da Magic ya fito, dokarsa ta fari ta ce kowa ya ajiye kati ɗaya daga daminsa kafin a fara, wanda ya ci ya kwashe duka biyu. Wannan kam ɗan'uwan caca ne, aka kuwa bar shi. Yau a gasa an hana wannan ajiya, an hana yin fare a kan wasa, an hana sayen nasara da kuɗi ko kyauta, an hana jefa kwabo don a fid da wanda ya ci.

Amma fa haɗarin ya koma cikin ƙunshi. A rufe a ke sayar da shi, mai saye bai san abin da ke ciki ba, waɗansu katuna kuwa sun zama dukiya. A 2021 wani mutum ya sayi katin Pokémon guda ɗaya a kan dala miliyan 5 da ɗoriya. A watan Mayu na shekara ta 2021 kantunan Target na Amurka suka dakatar da sayar da katunan Pokémon da na wasanni a cikin kanti, bayan an yi faɗa a kan katuna a ƙofar wani kantinsu a jihar Wiskonsin. Wanda ya ke ta sayen ƙunshi da begen ya tsinci arziki a ciki, zuciyar ɗan caca ya ke da ita, ko da ya ke abin da ke hannunsa wasan yara ne. Wannan magana a fili ta ke. Tambayarmu ta fi ta wuya.

Magidanci da yaro

A ce zagaye na ƙarshe ne. Magidanci wanda ya shekara 10 yana wasan yana karawa da yaro wanda wannan ne zuwansa na biyu. Kowa ya ci wasa ɗaya, wanda ya ci na uku shi zai ɗauki kyautar. Yaron yana da wani kati a tebur wanda ya ke ƙara masa rai 2 duk sa'ad da layi ya zo kansa. Hannunsa na rawa, idonsa na kan katunan da ya riƙe, sai ya manta. Magidancin ya gani. Ya kuma yi lissafi: in yaron ya sami wannan rai 2 zai tsira, mai yiwuwa ma ya ci, in bai samu ba, wasa ya ƙare yanzun nan.

Me doka ta ce? Dokar gasar ta ɗora wa kowa ya tuna da irin wannan aiki na katinsa. Abokin karawarsa ba tilas ba ne ya tuna masa, amma in ya so ya faɗa, ba a hana shi ba. Watau in magidancin ya yi shiru, ba alƙalin da zai kama shi da laifi. To, ya yi shiru ko ya yi magana?

Shiru iri uku

Kada mu haɗa dukan shiru mu yi masa kuɗin goro. Akwai shirun da ya ke shi ne wasan kansa: ba ka nuna wa abokin karawarka katin da ke hannunka, kana ma iya yin fuskar mai ƙarfi alhali hannunka wofi ne. Ba a cuci kowa ba, gama dukanku kun zauna a kan wannan sharaɗi, kamar yadda mai dara ba ya faɗin inda zai kashe.

Akwai shirun da ya ke sata ne. Ka ɗauki kati biyu bisa kuskure maimakon ɗaya, ka gane, ba wanda ya gani, ka yi gum. Ko kuwa katinka ne da kanka ya ke da aikin da zai cuce ka, ka yi kamar ka manta. Doka tana kiran wannan maguɗi, hukuncinsa kuwa kora daga gasa. A nan doka da lamiri bakinsu ɗaya ne: ka ɗaga hannu ka kira alƙali a kan kanka.

Na uku shi ne na magidancinmu, inda doka ta janye hannunta ta bar mutum da zuciyarsa.

Hujjar masu yin shiru

Bari mu ji su da kyau, gama maganarsu tana da nauyi. Suna cewa tunawa tana cikin gwanintar da aka zo gwadawa. Suna cewa wanda kullum a ke tuna masa ba zai koya ba, amma wanda ya faɗi sau ɗaya saboda mantuwa ba zai sāke mantawa ba. Suna cewa kuma girmamawa ce ka kara da mutum da iyakar ƙarfinka. A fagen kokawa ba wanda ya ke gode wa wanda ya faɗi dominsa da gangan, nasarar da aka ba ka sadaka kuwa kunya ce.

Mun yarda da yawancin wannan. Son nasara ba laifi ba ne, kuma wanda ya yi wasa da sakaci don ya faranta wa yaro rai ya yi masa ƙarya da hannunsa. A babbar gasa, inda gwanaye biyu suka zauna kowa ya san dokar, kowa ya yarda da ita, ba mu kiran mai shiru ɓarawo.

Amma ku duba. Tuna wa yaro katinsa dabam ne da faɗuwa da gangan. Magidancin bai rage ƙarfinsa ba ko kaɗan, ya dai bar yaron ya zo da nasa ƙarfin duka. Ga shi kuma masu shirya gasar da kansu sun raba ta hawa hawa, suka ce ta kantin unguwa domin koyo da jin daɗi ce. Doka ɗaya ce a kan gwani da sabon shiga, amma nauyinta ba ɗaya ba ne: gwani tana gwada shi, yaron kuwa faɗuwa ya ke a ramin da bai ma san an haƙa ba. In ana maganar darasi, ashe ba a iya koya masa da baki? Mai cewa yana koya wa yaro hankali, alhali kyautar tana shiga aljihunsa, ya kamata ya tambayi kansa ko zai ba da wannan darasi in da babu kyauta.

Ma'auni

Ga ma'aunin da mu ke ba da shawara a yi awo da shi. Bayan an gama, za ka iya duban mutumin ido da ido ka ce, "Aboki, na ga ka manta da katinka, na yi shiru"? In za ka iya faɗin haka ba tare da jin kunya ba, shi kuma ya ce ai haka wasan ya ke, to shirunka yana cikin abin da kuka yarda da shi. Amma in ka fi so kada ya taɓa sani, in kana sauri ka tattara katunanka kafin ya lura, to zuciyarka ta riga ta yanke shari'a tun alƙali bai zo ba.

Da wannan ma'auni, mu a ganinmu magidancin ya yi magana. Ba mu yi masa alkawarin zai ci ba. Mai yiwuwa yaron ya sami ransa 2, ya cinye shi, ya tafi da kyautar, ko godiya ma ya manta. Gaskiyar da ba ta taɓa cin maka kome ba, ba ka san ko kana da ita ba tukuna.

Bayan gasa

Akwai inda abin ya fi tsanani. In an tashi, sai a buɗe jakunkuna a shiga musaya. Yaro ya tsinci kati mai tsada a ƙunshinsa, bai san darajarsa ba. Babba ya sani, ya miƙa masa katuna biyar masu ƙyalli waɗanda ba su kai kome ba, yaron ya karɓa da murna. Ba alƙali a wurin, ba a kuwa faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Amma wa zai ce ba a ci amana ba? Ran da yaron ya gane, abin da zai koya shi ne cewa sani makami ne na cin marasa sani, watarana kuwa shi ma zai gwada a kan ƙaramin da ya samu.

'Yan'uwa, ba sai mun je Amurka za mu zauna a wannan tebur ba. Mai tebur ta yi kuskuren lissafi ta ba mu canji fiye da namu. Tsoho ya kawo akuyarsa kasuwa bai ji cewa kuɗi ya hau ba. Gwauruwa ba ta san iyakar gonar mijinta ba, mu kuwa mun sani. Wanda ya ba mu rance ya manta. A cikin waɗannan duka akwai inda ba mai kai mu gaban alƙali, sau da yawa ma abin da a ke bukata gare mu don mu ci riba shi ne mu rufe baki kawai. Doka tana nuna mana iyakar da in mun ƙetare za a hukunta mu, amma ba ta isa ta gaya mana irin mutanen da za mu zama ba. Yara kuwa suna kallo, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Saboda haka bari kowane mai karatu ya zauna ya tuna da makon da ya wuce. Ina ne muka ga mantuwar wani, ko rashin saninsa, muka yi shiru domin shirun ya amfane mu? In akwai, mutumin yana nan kusa, hanyar gidansa kuma ba ta ɓace mana ba. Mu je mu faɗa masa.