Tashe Da Haramcin Izgili

Godiya ta tabbata ga Allah. Bayan haka, a Amurka, wajen 1830, Thomas Rice ya riƙa shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata da sunan Jim Crow. Daga baya sunan ya zama laƙabin dokokin wariyar launin fata.

A cikin birnin Kano, idan azumi ya kwana goma, yara kan fita tashe, har da Macukule mai kwaikwayon Bagwari. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili. Wajibi ne iyaye su bar tashen gargaɗi ya ci gaba, su hana na wulaƙanta ƙabila, domin wanda yaro ya yi wa dariya yau, shi zai raina gobe. Allah Ya sa a gane, amin.